Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamitin Kayan Tarihi na Duniya na UNESCO: Kolmanskop da sunayen da rairayi ke binnewa

Zuwa ga wakilan ƙasashe 21 da ke zaune a wannan Kwamiti, da masanan da ke ba ku shawara.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ba masanin tarihi ba ne, ban kuma taɓa riƙe wani muƙami a gidan adana kayan tarihi ba. Jikan leburan mahaƙar ma'adinai ne ni, wannan kaɗai ce hujjata ta rubuto muku.

Da kakana ya rasu aka buɗe 'yar akwatinsa ta ƙarfe. A ƙarƙashin tufafinsa muka tarar da wata lamba ta tagulla, faɗinta bai kai tafin hannun jinjiri ba, an huda ta daga sama inda ake zura igiya. An buga 417 a jikinta, bugun ma ya fara shafewa saboda guga da zufa. Ba suna, ba gari, ba shekara. Da ita yake karɓar fitila da asuba, da ita ake sanin ya fito daga rami da ransa, da ita ake miƙo masa albashi ta taga. Kamfanin da ya yi wa aiki ya naɗe tabarmarsa tun kafin a haife ni, ya tafi da littattafansa. Gidan manaja yana nan har gobe, an ma yi masa sabon fenti. Barikin da kakana ya kwana a ciki shekara da shekaru kuwa, ko tushen gininsa ba ka gani. Kwanon rufin aka fara kwashewa, sannan katako, ruwan sama ya ƙarasa sauran.

Na daɗe ina zaton mu kaɗai abin ya shafa. Sai da na fara bin tarihin ƙananan garuruwan ma'adinai na ƙasashe daban-daban na gane kusan ko'ina haka take. Garin ma'adinai ba kamar sauran garuruwa ba ne. Ba kogi ne ya tara mutanensa ba, ba gona ba, ba mahaɗar fatake ba. Abu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa, ranar da ya ƙare ko darajarsa ta faɗi, ranar garin ke fara mutuwa. In ya mutu kuwa, abin da aka gina da dutse da siminti shi ke tsira, wato na shugabanni. Abin da aka gina da kwano da falanki shi ke fara tafiya, wato na masu haƙa. Bayan shekara hamsin sai hukuma ta zo ta kewaye abin da ya rage, ta kafa allo, ta ce ga tarihin gari. Ba lallai wani ya yi ƙarya da gangan ba, amma labarin tsiraru aka adana, na mafi yawa ya salwanta. A kan wannan nake so ku saurare ni.

Bari in ɗauki gari ɗaya in tsaya a kansa, don shi ya fi tsaya mini a rai. Kolmanskop yana kudancin Namibiya, cikin hamadar Namib, tazarar kimanin kilomita 10 daga tashar jiragen ruwa ta Luderitz.

A watan Afrilun 1908, lokacin ƙasar tana hannun Jamus, wani lebura mai suna Zacharias Lewala yana kwashe rairayi da shebur daga kan layin dogo, don iskar wurin kullum binne layin take yi. Ya taɓa aiki a Kimberley, garin haƙar lu'ulu'u na Afirka ta Kudu, saboda haka idonsa ya san lu'ulu'u. Ya ga wani ɗan dutse yana ƙyalli, ya ɗauka ya kai wa shugabansa, wani Bajamushe mai suna August Stauch, wanda ke kula da wannan yanki na layin. Stauch ya tabbatar da abin da ke hannunsa, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ajiye aikin jirgin ƙasa, ya mallaki filaye kafin labari ya bazu. Cikin ɗan lokaci ya zama hamshaƙin attajiri. Lewala kuwa bai samu rabo a dukiyar da idonsa ya tono ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kafin shekarar ta fita gwamnatin mulkin mallaka ta shata wani makeken yanki na gaɓar teku ta kira shi Sperrgebiet, wato haramtaccen yanki, ba mai shiga sai da izini.

Dukiya ta yi ta ɓarkowa. A wasu kwaruruka ma ba haƙa ake yi ba, jera leburori ake yi su yi rub da ciki suna rarrafe suna tsinta daga cikin rairayi. A 1912 yankin ya fitar da kimanin karat miliyan ɗaya, fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da duniya ta samu a shekarar. Da wannan kuɗi aka dasa wani ɗan garin Jamus a tsakiyar hamada. Aka gina asibiti da makaranta da tashar lantarki, da babban ɗakin taro inda ake raye-raye da wasan kwaikwayo, da ɗakin motsa jiki, da masana'antar ƙanƙara a wurin da ko rijiya babu, don ruwan sha ma a jirgin ruwa ake kawo shi daga Cape Town. Wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ke zagaya gidaje yana raba ƙanƙarar. Asibitin ya mallaki na'urar ɗaukar hoton cikin jiki tun ana ƙirga irinta da yatsu a wannan sashe na duniya, kuma ba don karaya kaɗai aka ajiye ta ba. Da ita ake duba cikin ma'aikaci ko ya haɗiye lu'ulu'u.

A ganiyar garin, Turawa manya kimanin 300 ne da 'ya'yansu kimanin 40. Leburori 'yan kwantiragi kuwa sun kai kimanin 800, akasarinsu 'yan ƙabilar Ovambo da aka ɗebo daga can arewacin ƙasar, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, ba mata ba 'ya'ya. Ku dubi lissafin nan da kyau, ranku ya daɗe. A cikin kowane mutum uku na Kolmanskop, biyu leburori ne.

Daga 1915 ƙasar ta koma hannun Afirka ta Kudu, a 1920 aka haɗe kamfanonin Jamusawa a ƙarƙashin Ernest Oppenheimer. A 1928 aka gano lu'ulu'un da ya fi wannan girma da yawa a kusa da bakin kogin Orange, can kudu. Jama'a suka fara zarewa, wasu ko kayan ɗaki ba su tsaya ɗauka ba. A 1956 iyalai na ƙarshe suka fita. Garin bai cika shekara hamsin a duniya ba.

Gani ya kori ji. Na taka garin da ƙafata da sassafe, kafin iskar rana ta tashi. Na shiga wani gida da rarrafe, don rairayi ya cika ɗakin har ya kusa taɓa saman ƙofa. Bangon yana nan da shuɗin fentinsa, da 'yan zane-zanen ado a jere daga sama, kamar jiya mai fenti ya sauke burushinsa. Hasken rana yana ratsowa ta tsagar rufi yana yanka rairayin layi-layi. A waje na ga bahon wanka na ƙarfe zaune a kan tudun yashi shi kaɗai. Na bi doguwar farfajiyar asibiti, ɗakuna dama da hagu, ba ka jin komai sai kukan iska a tagogin da ba gilashi. Manyan gidajen da ke jere a kan tudu kowanne da allonsa: gidan manajan mahaƙa, gidan akanta, gidan mai zanen gine-gine, gidan malamin makaranta. Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba, kyan da ke sa tsikar jiki tashi. Na fahimci dalilin da ya sa masu ɗaukar hoto ke tahowa daga ko'ina.

Amma ina tsaye a gaban allunan nan sai hannuna ya kai aljihu, inda lambar kakana take. Mutum 800 fa. Wane ne a cikinsu ya fara rarrafe a kwarin nan? Wa ya mutu da ciwon ƙirji bai koma gida ba, ina aka binne shi, wa ya kai wa mahaifiyarsa labari? Hotunan Kolmanskop da suka cika intanet duk na ɗakunan shugabanni ne da rairayi ya cinye. Baƙo yana tafiya da tausayin gidan da ya rushe, ba da tausayin mutumin da aka haska wa ciki kafin a sallame shi ba. Ana ambaton Lewala, gaskiya ne, amma a jimla ɗaya, a wuce zuwa labarin ƙanƙara.

Daga baya na karanta cewa a harshen Ovambo ana kiran tsarin kwantiragin nan okaholo, sunan 'yar lambar ƙarfen da ake rataya wa mutum idan an ɗauke shi aiki. Ranar ban iya ci gaba da karatun ba. Ashe abin da ke aljihuna yana da 'yan'uwa a wata ƙasar da kakana bai taɓa jin sunanta ba. Kuma wannan tsari ba ƙaramin abu ba ne a tarihin Namibiya. Ƙin jininsa na cikin abin da ya haifi ƙungiyar mutanen Ovambo a 1959, wadda ta rikiɗe ta zama SWAPO, jam'iyyar da ta jagoranci neman 'yancin ƙasar, shi ne kuma ya jawo babban yajin aikin 'yan kwantiragi na ƙarshen 1971 zuwa farkon 1972, shekaru kafin samun 'yanci a 1990. Wanda ya adana Kolmanskop ya bar barikin lebura a baya, ya yanke jijiyar da ta haɗa garin da tarihin ƙasar.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Layin dogon da Lewala yake sharewa, wa ya shimfiɗa shi? Tsakanin 1905 da 1907 Jamusawa sun tsare fursunoni 'yan ƙabilun Herero da Nama a sansanin tsibirin Shark, a bakin Luderitz, bayan yaƙin da ya fara a 1904. Maza da mata da yara suka yi ta mutuwa saboda sanyi da yunwa da cuta. Daga cikin fursunonin nan aka riƙa ɗiba ana tilasta musu aikin layin da ya tashi daga Luderitz zuwa Aus, da yawansu a bakin aikin suka cika. A 2021 gwamnatin Jamus da bakinta ta amsa cewa abin da aka yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi ne. Shekara ɗaya tal ke tsakanin rufe sansanin da tsintar dutsen farko. Ban ga yadda za a ba da tarihin ɗakin rawa na Kolmanskop a tsallake wannan ba, alhali tafiyar 'yan mintoci ce a mota tsakanin wuraren biyu.

Wannan mantuwa ta daɗe. Ibn Battuta ya ratsa Taghaza a 1352, garin gishiri a tsakiyar Sahara, ya ba da labarin gidaje da masallaci da aka gina da tubalin gishiri aka rufe da fatun raƙuma, ba itace ko ɗaya. Ya faɗi cewa bayin ƙabilar Masufa ne ke haƙar gishirin. Mun san ginin, mun san iyayen gijin, masu haƙar kuwa a jam'i kawai suka shiga tarihi. A Kabwe ta Zambiya, wadda a da ake kira Broken Hill, mahaƙar dalma ce ta tono ƙoƙon kan wani ɗan'adam na zamanin da can a 1921, ɗaya daga cikin muhimman abubuwan da aka taɓa samu a Afirka. An rubuta sunan Baturen Suwizalan da ke wurin, Tom Zwiglaar. Baƙar fatan da suke tare ba a rubuta nasa ba. Ƙoƙon kan yana gidan tarihi a Landan, Zambiya ta daɗe tana neman a maido mata da shi.

Ba ina cewa ba ku taɓa yin daidai ba. Da ban ga inda aka yi daidai ba, da ban ɓata lokacinku ba.

Ku dubi Roros ta ƙasar Norwe, wadda kuka sa a jerinku na wuraren tarihi na duniya tun 1980. An fara haƙar jan ƙarfe a can a 1644, aka rufe a 1977, shekara 333 ke nan. Sojojin Suwidin sun ƙone garin a 1678 da 1679, aka sake ginawa. Majami'ar da aka kammala a 1784 tana nan da tambarin masu haƙa a jikin hasumiyarta. Amma ba ita ce ta burge ni ba. Abin da ya burge ni shi ne sun bar tulin kashin maƙera, baƙaƙen tuddai a gefen gari, ba su share shi don kunya ba. A gindin tulin kuma sun bar 'yan ƙananan gidajen katako na mafi talaucin ma'aikata, waɗanda ko filin kiwo ba su da shi. Mai ziyara yana ganin majami'a, yana ganin wanda gumin sa ya gina ta.

A Blaenavon ta yankin Wales a Birtaniya sun ma fi haka. Mahaƙar kwal ta Big Pit ta tsaya a 1980, a 1983 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi, ku kuma kuka amince da yankin a 2000. Baƙo yana sa hular kwano da fitila, ya shiga keji a sauke shi mita 90 cikin ƙasa, kuma waɗanda suka fara yi wa mutane jagora a can tsofaffin masu haƙa ne da kansu. Mutumin da ya yi aikin shi ke ba da labarinsa, ana biyansa a kai. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. A cikin garin akwai babban zauren ma'aikata da suka gina da ɗan abin da ake cirewa daga albashinsu kowane mako, don su samu ɗakin karatu da wurin taro. A ganina wannan zaure ya fi kowane gidan manaja cancantar a kira shi alamar gari.

Humberstone ta ƙasar Chile ma ta koya mini wani abu. Can ana haƙo wani farin gishiri ne da ake taki da albarushi da shi, har Jamusawa suka gano yadda ake haɗa irinsa a masana'anta, kasuwar ta mutu, garin ya watse a 1960. Akwai gidan wasan kwaikwayo, akwai wurin ninƙaya da aka ƙera da ƙarafan jirgin ruwa. Amma tarihin wurin bai ɓoye cewa an daɗe ana biyan ma'aikatan wannan hamada da sulallan kamfani ba, waɗanda ba sa ciyuwa ko'ina sai a kantin kamfanin, bai kuma ɓoye cewa a Disambar 1907 sojoji sun buɗe wuta kan masu yajin aiki da iyalansu a makarantar Santa Mariya ta birnin Iquique ba. Kun sa wurin a jerinku a 2005, kuka sa shi a jerin wuraren da ke cikin haɗari a lokaci guda, kuka cire shi a 2019 bayan an yi gyara. Ashe idan kun sa ido, aiki yana yiwuwa.

Hujjata mafi ƙarfi kuwa daga bakinku ta fito. A taronku na birnin Bonn a 2015 kun karɓi wuraren masana'antun Japan na zamanin Meiji, ciki har da tsibirin Hashima, garin kwal da bai wuce hekta 6 da 'yan kai ba amma ya ɗauki mutum fiye da 5,000 a 1959, kafin a rufe shi a 1974. Koriya ta Kudu ta tsaya kai da fata cewa an tilasta wa mutanenta aiki a irin waɗannan wurare a shekarun 1940. Wakilan Japan suka amsa a gabanku cewa an kawo Koriyawa da wasu ba da son ransu ba, an sa su aiki cikin mawuyacin hali, suka yi alkawarin bayyana hakan. Kuka nemi a ba da cikakken tarihin kowane wuri. Da aka buɗe cibiyar bayani a Tokyo a 2020 kuka ga ba a cika alkawari ba, a 2021 kuka fito fili kuka nuna takaicinku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kun yi abin da ya dace. Sai dai Koriyawan Hashima sun samu wannan ne don suna da ƙasa mai ƙarfi da ta tsaya musu. Leburan da ba shi da gwamnatin da za ta ɗaga murya dominsa fa? Roƙona shi ne abin da kuka nema a Hashima ya zama ƙa'ida a kan kowane garin ma'adinai da aka kawo gabanku, ko an yi ƙorafi ko ba a yi ba. Duk takardar da ta zo, masananku su tambaya: ina masu haƙa suka kwana, ta yaya aka ɗebo su, da me aka biya su, ina maƙabartarsu? In bariki da maƙabarta suna wajen iyakar da aka shata, a mai da takardar a sake shatawa.

Na san iyakar ikonku. Na san bisa yarjejeniyar kayan tarihi ta duniya ta 1972 ba ku ke zaɓo wuri ba, ƙasa ce ke gabatar da nata, kuma Kolmanskop ba ya cikin jerinku. Namibiya tana da zanen duwatsun Twyfelfontein tun 2007, da tekun rairayin Namib tun 2013. Ko za ta gabatar da garuruwan lu'ulu'unta, wannan shawarar 'yan Namibiya ce, ba tawa ba, ba taku ba. Amma na san kuma cewa shirya takardar gabatarwa aiki ne mai cin kuɗi da shekaru, yana buƙatar masana da taswirori da tsarin kulawa, shi ya sa ƙasashen da ma'adinai suka azurta suka cika jerin da mahaƙunsu, ƙasashen da aka kwashe ma'adinan daga cikinsu kuwa aka bar su a baya. Tun 1994 kuka amince da kanku cewa jerin ya karkata, a 2006 aka kafa asusun tallafa wa Afirka a kan wannan. Ku karkatar da wani kaso na wannan tallafi zuwa garuruwan ma'adinai. Tarihin Afirka bai tsaya ga namun daji da zanen kogo da fadojin sarakuna ba. Ƙarni guda da rabi na haƙar zinare da lu'ulu'u da jan ƙarfe ya sauya iyalai miliyoyi, ya raba miji da mata, ya haifi ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyun neman 'yanci.

Abin da ya fi gaggawa ma ba gini ba ne, takarda ce da bakin tsofaffi. Kamfanin ma'adinai ba ya wasa da rubutu, don da rubutu yake ƙirga riba. Akwai littattafan albashi, da rajistar kwantiragi, da na asibiti, da na haɗurra, inda aka rubuta lamba kaza sunansa wane, daga ƙauye kaza. Wasu suna ɗakunan ajiyar kamfanonin da suka gaji na da, wasu suna manyan biranen Turai, wasu gara tana ci. UNESCO tana da shirin adana muhimman takardun duniya tun 1992. Ku yi amfani da girmanku ku nemi kamfanoni da gwamnatoci su buɗe waɗannan littattafai, a ɗauki hotonsu a sa inda jikoki za su iya bincikawa daga wayarsu. Sannan a bi tsofaffin da suka rage da na'urar ɗaukar murya. Wanda ya yi kwantiragi yana saurayi a shekarun 1950 yau ya haura tamanin. Gini yana iya jiran kasafin kuɗin baɗi, su ba za su iya ba. Ni na yi sakaci da nawa kakan, ina ganin kullum yana nan, ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi sunayen abokan raminsa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Kada kuma a fahimce ni a kan cewa duk abin da mahaƙa ta bari abin adanawa ne. Tulin Roros ya zama abin kallo, amma ba kowane tuli ba ne haka. A Aberfan ta Wales, ranar 21 ga Oktoban 1966, tulin sharar kwal da ruwa ya jiƙa ya zamo daga kan dutse ya rufta wa makarantar firamare, mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara. Iyayen sun yi ta fafutuka har aka kwashe sauran tulin, kuma gaskiyarsu ce. A Kabwe an rufe mahaƙar tun 1994, amma ƙurar dalma tana nan a ƙasar da yara ke wasa, tana shiga jininsu tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. A irin wannan wuri ba allo ake fara kafawa ba, ƙasa ake fara tsabtacewa, a yi wa yara magani. Duk garin da zai nemi karramawarku alhali mazaunansa na shaƙar guba, ku tambayi gwamnatinsa da kamfanin da ya ci riba me suka yi a kai, kafin a zo maganar 'yan yawon buɗe ido.

Game da Kolmanskop kansa, ba na roƙon a tono kowane ɗaki daga cikin rairayi. Tun 1980 aka fara gyara wasu gine-ginen, an kyauta, amma hamada ta fi ƙarfin shebur, Lewala ma ya san haka. In wata rana yashi ya haɗiye gidan akanta, asara ce da za a iya jurewa, don an ɗauki hotonsa sau dubbai. Abin da nake so shi ne ku ƙarfafa wa hukumomin Namibiya da masu kula da wurin gwiwa, ku ba su masana da tallafi, a auna wuraren da leburori suka zauna a sa su a taswirar da ake miƙa wa baƙo, a nemo inda aka binne waɗanda suka mutu, a haɗa ziyarar garin da ta tsibirin Shark, a ɗauki jikokin 'yan kwantiragi su yi jagora. A bakin layin dogon kuma a kafa dutse da sunan Zacharias Lewala, a bar fili a ƙarƙashinsa don sauran sunayen da za a samo daga littattafan kamfani.

Lambar kakana tana nan a wurina, na sa mata sabuwar igiya. Na rubuta wasiƙu zuwa wurare uku ina neman littafin da aka rubuta sunansa a gefen 417, har yanzu ba wanda ya amsa mini. Ina ci gaba da nema. Ran da na same shi zan aiko muku da hoton shafin.

Na gode da kuka karanta. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Jikan wani leburan mahaƙa